Tantin "mutum 5" zai ishe mu mu biyar? Ku ba ni shawara kafin in saya

Baban Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawararku nake nema kafin in saka kuɗi a abin da ban sani ba. Mu biyar ne, ni da maiɗakina da yara uku. Babbar shekararta 11, mai bi mata 7, autan bai cika 2 ba. Muna so mu fara fita da su muna kwana a tanti, dare biyu ko uku. Da mota za mu riƙa zuwa har inda za a kafa, ba goya kaya za mu yi ba. Na ga wani an rubuta masa mutum 5, faɗinsa santimita 300, tsawonsa 210, irin mai ƙubba ɗin nan da sanduna biyu suke gittawa a sama. Ni raina ya kwanta da shi, amma uwargida ta ce ba ta yarda zai ɗauke mu ba. Waɗanda suka saba, me kuka gani? Kuma wane iri ne ya fi dacewa da mai ƙananan yara?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam, uwargida ce da gaskiya. Raba 300 gida biyar, kowa ya tashi da santimita 60. Faɗin kafaɗar babban mutum ke nan da ɗan ƙari. Lambar da suke rubutawa a jikin jaka ƙidayar mutanen da za su kwanta ne a jere kamar ashana a kwali, babu jaka, babu takalmi, babu mai juyi. Wasu ma da santimita 50 suke lissafa mutum.

Mu huɗu ne, na sayi na mutum 4. Daren farko sai da muka mayar da jakunkuna mota saboda babu inda za a ajiye su. Da ɗaya daga cikin yaran ya jiƙa shimfiɗa da tsakar dare, sai ga ni ina laluben makullin mota a cikin duhu ina neman kayan canji. Tun daga nan nake gaya wa kowa: ka ƙara mutum biyu a kan yawanku.

Ƙanin Kowa:
Anti ta gama magana. Na mutum 7 ko 8 kawai, Yaya. Ka huta.

Tsohon Ɗan Sikawut:
Ɗana, kada ka yi saurin tsalle zuwa na mutum 8, kuma kada ka dogara da lambar kowa, har da "ƙara biyu" ɗin da Maman 'Yan Biyu ta faɗa, duk da yana taimakawa. Ga abin da nake sa duk mai tambayata ya yi. Ka ɗauki alli da tef ɗin awo, ka zana 300 da 210 a ƙasa. Ka kawo ainihin abin da za ku kwanta a kai ka shimfiɗa a ciki. Ka kira iyalin su kwanta. Minti goma ya isa ka ga gaskiya da idonka.

Abin da zai fi ba ka mamaki katifa ce. Katifar iska ta mutum biyu faɗinta kan kai santimita 137, babbar kuma 152. Idan babbar ce taku, ta cinye rabin tantin ita kaɗai, saura 148. Shimfiɗun yara biyu masu 60 sun ɗauke 120. Abin da ya rage 28 ne, to autan fa? Idan a gadon jarirai mai naɗewa yake kwana, wannan gadon faɗinsa ya kusa 70, kuma yana da tsayi.

Sannan akwai abin da alli ba zai nuna maka ba. Bangon tanti mai ƙubba ba a miƙe yake ba, yana karkatowa ciki tun daga ƙasa. Awon 300 ɗin a daɓe aka yi shi. Da ka hau katifa mai kaurin santimita 20 ko 40, ka matso kusa da bango, fuskarka na gogar yadi. Don haka bayan ka zana layin farko, ka sake zana wani a cikinsa, ka rage kamar taƙi ɗaya ta kowane gefe. Layin ciki shi ne ɗakinka na gaskiya.

Baban Uku:
Baba, na gode. Wallahi katifarmu babbar ce, mai 152. Da daddare zan gwada in sanar da ku.

Matafiyi:
Ni ta ɗaya ɓangaren zan ja kunnenka, don na ga kowa na tura ka wajen girma. Girman tanti ma yana da nasa wahalar, kuma na ɗanɗana.

Na taɓa sayen na mutum 8, irin mai siffar ɗaki, bango a miƙe, mutum na yawo a ciki a tsaye. A ranar da babu iska, babu kamarsa. Amma ka tuna wa zai kafa shi. A takarda ku biyu ne manya. A fili kuwa, uwargida tana riƙe da yaro ɗan shekara 2 da ke son ya ruga ko'ina, kai kaɗai ne da sanduna. Na shafe fiye da awa ɗaya ina fama, na ɗaga wannan kusurwa waccan ta kwanta, rana na faɗuwa, yara sun gaji suna kuka. Da dare iska ta taso. Bango miƙaƙƙe tare iska yake yi gaba ɗaya, ba ya barin ta zame ta wuce. Na kwana ina jin yadi na bugawa, sandar kusurwa ɗaya ta lanƙwashe kafin asuba.

Ga kuma abin da ba a faɗa: idan an naɗe shi da jiƙa, sai an sake baza shi a gida ya bushe sarai, in ba haka ba ya yi funfuna ya fara wari. A ina za ka baza yadin da ya fi ɗakinka girma? Kuma babban tanti da mutane kaɗan ya fi sanyi da dare, don ɗumin jikinku ba ya isa ya cika shi.

Ƙanin Kowa:
Yaya Matafiyi, ai laifin iska ne wannan, ba na girma ba.

Matafiyi:
Iska ba ta sanar da zuwanta, ƙanina. Tantin da za ka saya shi ne wanda zai tsaya a daren da ba ka zata ba.

Malama Mai Lissafi:
Ina ganin ana haɗa abu biyu wuri guda, wurin kwana da wurin zama. Malam Baban Uku, tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce: idan ruwa ya tsuge tun safe har la'asar, ina yaran nan uku za su zauna? Idan tantin ɗaki ɗaya ne, a kan shimfiɗa za su wuni, da takalma da jiƙaƙƙun kaya da komai. Kafin dare wurin kwanan ya zama taɓo.

Shi ya sa ni na fi son dogon tantin nan mai bakuna, wanda sandunansa suke lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya kamar rami. Ɗakunan kwana suna can ƙurya, gaba kuma zaure ne da ake ajiye jaka, a cire takalmi, a zauna. Bangonsa ya fi na mai ƙubba miƙewa, don haka kusan duk filin da aka auna ana amfani da shi. Manyansu tsayinsu kan kai santimita 190 zuwa sama da 200, za ka sa wa yaro kaya a tsaye ba a durƙushe ba. Duk wanda ya taɓa canza wa yaro wando a tantin da tsayinsa bai wuce 130 ba ya san abin da bayansa ya gaya masa.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne. Ba ya tsayawa da kansa. Mai ƙubba kana iya haɗa shi ka ɗaga ka matsar da shi. Wannan kuwa sai an kafe shi da turaku gaba da baya an ja igiyoyi, sannan ya miƙe. A ƙasa mai dutse ko yashi mai laushi zai ba ka aiki. Kuma ƙuryarsa ake juya wa iska, ba gefensa ba.

Kawu Mai Haƙuri:
Ni kuma nawa ra'ayin daban. Me zai hana tanti biyu? Ɗaya na mutum 4 na iyaye da auta, ɗaya na mutum 3 na manyan yaran. Kowanne mutum ɗaya zai kafa shi cikin minti goma. Idan ɗaya ya lalace kuna da mafaka. Kuma yarinya mai shekara 11, nan da shekara biyu ko uku za ta so wurinta ita kaɗai. Ka saya da tunanin gobe.

Hajiya Babba:
Kawu, a nan kam ban bi ka ba. Yaro ɗan shekara 7 a wani tanti daban, a wurin da bai sani ba, cikin duhu, ga kukan tsuntsayen dare? Ba zai kai tsakar dare ba zai dawo wajen uwarsa, ita kuma 'yar'uwar a bar ta ita kaɗai. Uwar ma ba za ta runtsa ba, kunnenta na waje. Na raini yara na raini jikoki, na san wannan. Tanti biyu sai yara sun tasa. Yanzu rufi ɗaya ya kamata ya rufe su duka, a raba da labule ko ɗaki.

Kawu Mai Haƙuri:
Hajiya, ai ƙofa da ƙofa ake kafa su, taku biyu tsakani.

Hajiya Babba:
Taku biyu cikin ruwan sama da zif biyu a tsakani, da yaro mai kuka. A'a Kawu. Nan gaba dai, in sha Allahu, maganarka za ta yi aiki.

Kawu Mai Haƙuri:
To na karɓa. Amma Baban Uku ka riƙe ta don gaba.

Mai Son Auduga:
Ba wanda ya ambaci tantin auduga mai ginshiƙi ɗaya a tsakiya, mai siffar ƙararrawa. Tsarin tsoho ne. A Amurka wani hafsan soja, Henry Sibley, ya yi rajistar ƙirar wani tanti mai kama da shi tun 1856, bayan ya ga irin tantunan 'yan asalin ƙasar. Abin da ya sa har yau ake yin sa shi ne sauƙi: ka kafe daɓen da turaku, ka shiga da ginshiƙi ka ɗaga, ka ja igiyoyi. Mutum ɗaya na iyawa. Mai faɗin mita 5 filinsa ya kusa murabba'in mita 20, ku biyar har da wurin wasa.

Amma abin da ya sa na kamu da shi yadin ne. Auduga tana numfashi. Da rana ba ya zama tanda kamar na roba, da dare kuma ba ka tashi ka tarar da rufi na ɗiga. Na kwana a ciki ana ruwa, sautin ma daban ne, a hankali yake sauka.

Matafiyi:
Faɗa masa nauyin, Malam.

Mai Son Auduga:
Gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Mai mita 5 yakan kai kilo 30 ko fiye, idan ya jiƙe kuma ya ƙaru. Yana cin wuri a but ɗin mota, kuma bushewarsa na ɗaukar lokaci fiye da na yadin roba, wato polista, nesa ba kusa ba. Sabo ma sai an jiƙa shi ya bushe tukuna zaren ya kumbura ya toshe ramukan allura. Kuma ɗaki ɗaya ne, sai dai ka sayi ɗakin ciki daban ka rataya. Wanda zai yi sati a wuri ɗaya, shi ne nasa. Mai dare biyu da yara uku da kayansu a mota ɗaya, sai ya auna but ɗinsa tukuna.

Ƙanin Kowa:
To mai buɗe kansa fa? Ka jefa shi sama ya sauko a kafe.

Malama Mai Lissafi:
Yana da daɗi, tun da kamfanin kayan wasanni na Decathlon ya fito da tantin Quechua 2 Seconds a 2005 irinsa ya bazu. Amma yawancinsu na mutum 2 ko 3 ne, gajeru ne, kuma idan an naɗe su faifai ne mai faɗi da ba ya shiga lungun kaya. Ya dace da yaran nan idan sun girma, kamar yadda Kawu ya ce. Ba shi ne gidan mutum biyar ba.

Baban Uku:
Na dawo da rahoto. Mun zana, mun shimfiɗa, mun kwanta. Baba Ɗan Sikawut, Allah ya saka da alheri. Katifarmu da shimfiɗun yara biyu suka kusa cika layin waje, gadon auta ma a wajen alli ya tsaya. Da na zana layin ciki, ƙafar babbar 'yata da gefen katifarmu duk sun haye. Jaka ko ɗaya ba mu sa ba. Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai nuna min gadon.

Yanzu hankalina ya koma kan dogon mai bakuna na mutum 6. Sai dai ina ganin wasu lambobi, 2000mm, 3000mm, 5000mm. Me suke nufi?

Tsohon Ɗan Sikawut:
Madalla. Lambar nan awon juriyar yadi ne ga ruwa. Ana matsa wa yadin ruwa har sai ya fara ratsawa, sai a rubuta tsayin ruwan da ya jure. 3000mm na nufin ya riƙe nauyin ruwa mai tsayin mita 3. Ga rufi, daga 1500 ake fara kiran yadi mai hana ruwa, 3000 kuma ya wadatar da iyali. Daɓe ne yake son lamba babba, 5000 ko fiye, domin idan ka durƙusa da gwiwa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, nauyinka duka a ɗan wuri yake taruwa yana tura ruwan sama.

Amma kada lamba ta ɗauke maka hankali. Tanti ba ya yawan zuba ta tsakiyar yadi, ta ɗinki yake zuba. Ka juya rufin ka duba, kowane ɗinki ya kasance an manne shi da tef ta ciki. Ka duba daɓen, gefensa ya ɗago sama kamar baho, ba a shimfiɗe kawai ba. Ka duba rufin waje ya sauko har kusa da ƙasa, ba ɗan hula a saman ƙubba ba.

Sai maganar da ta fi damuna a na mutum 6 ɗin: ka tambaya yadda aka raba ɗakunan. Idan kowa 60 ne, faɗin duka 360. Wasu ana raba su uku, 120 kowanne, ka ga katifarka mai 152 ba ta shiga ko ɗaya. Wasu biyu ne, 180 da 180, katifar ta shiga amma gadon auta bai samu wuri kusa da uwarsa ba. Wanda zai yi maka shi ne mai 240 da 120, ko kuma mai labulen tsakiya da ake cirewa. Katifa 152 da gado 70 sun zama 222, sun zauna a 240. Manyan yaran biyu su ɗauki 120, kayansu a zaure.

Maman 'Yan Biyu:
Baba, wannan lissafin ɗakunan ban taɓa lura da shi ba sai yau. Allah ya ƙara lafiya.

Malam, in ƙara maka abu biyu na uwa. Ka nemi mai ƙofa biyu, saboda fitar dare da yaro ba sau ɗaya ba ne, kada a riƙa tsallake kan mutane. Kuma ka duba zif ɗin ɗakin kwana, a iya tsayar da kansa a sama inda hannun auta ba ya kai. Nawa ɗaya ya taɓa buɗewa da sassafe ya fita muna barci, a bakin tanti na same shi yana wasa da igiya. Har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake.

Likitan Gida:
Tunda ana maganar yara, bari in sa baki a kan iska. Mutum biyar suna numfashi dare guda a rufaffen wuri, tururin yana haɗuwa da yadi mai sanyi ya zama raɓa. Da safe mutum ya ga jiƙa ya ce tanti na zuba, alhali numfashinsu ne. Maganinsa tanti mai bango biyu, ɗakin ciki mai shan iska da rufin waje, da tazara a tsakani, sannan kafofin iska sama da ƙasa a bar su a buɗe ko ana sanyi. Ragar tagogi kuma ta zama mai ƙananan ido, don sauro da ƙwari.

Abu na biyu ina roƙonku da girman Allah. Kada a kunna gawayi, ko risho, ko fitilar kananzir a cikin tanti, ko a zaurensa, don jin ɗumi. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi, kuma ƙananan yara ta fi saurin kamawa. Gawayin da ake gani kamar ya mutu ma yana ci gaba da fitar da ita. Idan ana sanyi a ƙara bargo da shimfiɗa mai kauri a ƙasa.

Hajiya Babba:
Allah ya kiyaye mana zuri'a. Likita ka kyauta da ka faɗa.

Baban Uku:
Amin Hajiya. Na rubuta duka. Saura sanduna: na ga na faibagilas, na ga na alminiyam, na ga kuma wanda ake hura wa iska da famfo babu sanda ko ɗaya. Tunda ni kaɗai zan riƙa kafawa, wanne?

Matafiyi:
Faibagilas shi ne aka fi samu a tantunan iyali, yana aiki, amma yana da nauyi, kuma idan ya karye tsagewa yake yi ya fitar da tsini mai shiga hannu ya yaga yadi. Alminiyam ya fi sauƙi, lanƙwasa yake yi kafin ya karye, ana iya ɗaure shi da guntun bututu a ƙarasa tafiya. Na iskan kuwa don irinka aka yi shi. Ka kafe kusurwa huɗu, ka hura baka ɗaya bayan ɗaya, tanti ya tashi, babu zura sanda a kuben yadi irin hannun riga mai tsawon mita biyar kana neman mai riƙe maka ɗaya bakin. Idan iska ta buge shi, lanƙwasawa yake ya dawo. Sai dai jakarsa babba ce kuma duk nauyin a dunƙule yake, ba a raba shi gida biyu kamar mai sanduna. Kuma famfo ya zama kamar makullin mota, ranar da ka manta shi babu wurin kwana.

Malama Mai Lissafi:
Mai sanduna uku ma mutum ɗaya na iya kafa shi idan ya koya, kuma 'yar shekara 11 ta isa ta riƙe igiya. Ko wanne ka ɗauka, Malam, ka kafa shi sau ɗaya ko biyu da rana kafin ranar tafiya, ka ƙirga turaku, ka ga yadda yake komawa jaka.

Baban Uku:
To alhamdu lillahi. Ga inda muka tsaya ni da uwargida: dogo mai bakuna na mutum 6, polista, ɗakuna 240 da 120, zaure a gaba, ƙofa biyu, tsayin da zan miƙe. Na auna but ɗin mota, jakar na iskan da na duba ba za ta bar wa gadon auta wuri ba, don haka mai sanduna zan ɗauka, babbar 'yata ta riga ta ce ita ce mai igiya. Tambaya ta ƙarshe, Baba: tamfol ɗin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi, in sayi wanda ya fi tantin faɗi ko?

Tsohon Ɗan Sikawut:
A'a ɗana, akasin haka. Ya zama ya gaza daɓen tantin da kamar yatsu uku ta kowane gefe. Idan ya leƙo waje, ruwan da ke gangarowa daga rufi a kansa zai sauka, ya bi ta ƙarƙashinku ya taru. In wanda ka samu ya yi girma, ka naɗe bakinsa ciki ta ƙasa. Turakun igiya kuma ka buga su a karkace, kansu na kallon nesa da tanti, ka ɗauki guda huɗu ko biyar na ƙari da guduma.